BAKANSI A BAKIN TEKU: SAƘON ƳAN'UWANMU NA KURMI

(Jawabin da wani mushen lakwal, ɗan garinmu, ya yi gaban babban taron ƙungiya. Biro ya ce a buga shi domin ƴan bida waɗanda ba su samu halarta ba.)



Mai gari, liman, dattawa iyayenmu, iyayenmu mata, shugaban ƙungiya da mutanen biro, ƴan'uwa ƴan bida waɗanda suka zo daga Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, samari da ƴan mata, muna gaishe ku gaisuwa ta girma. Muna neman gafara ga manya, domin yaro ba ya miƙewa ya yi magana manya suna zaune sai an ba shi izini. An ba mu, mun gode.

Kowa ya san a daminar 2024, da aka rufe lakwal, mun tafi kurmi mu da mai ɗakinmu da babban ɗanmu, ɗan shekara 9, domin gano Kawu, wan mahaifiyarmu. Tsofaffi sun san shi. Ya bar garin nan a 1984, shekarar fari da yunwa, lokacin da iyakar Nijeriya take rufe, ya yi yamma, ya zauna Lome, ya zauna Ankara, daga baya ya kafa gida a wani ƙauye na bakin teku cikin ƙasar Gana. Cikin shekara 40 sau uku ya zo gida. Mu kuwa, cikin danginsa duka babu wanda ya taɓa taka ƙafa ya je inda yake. Muna karɓar saƙonsa, muna cin kuɗinsa, ba mu san ƙofar gidansa ba. Ana cewa zumunta a ƙafa take. To wannan kunya ce ta tashe mu.

Mun yi kwana 40 can. Abin da muka gani da abin da aka aiko mu da shi, shi muke so mu ajiye gabanku yau.

HANYA

Mun kama hanya tsakiyar watan Yuli. Daga Ƙonni zuwa Dogon Dutsi, zuwa Doso, zuwa Gaya. Gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a rufe muka tarar da ita, tun bayan abin da ya faru ƙarshen Yulin 2023, saboda haka a jirgin ruwa muka ƙetare kogin Kwara, mu da kayanmu. Daga Malanbil mota ta sauka da mu ta Kandi da Paraku har Kwatanu. Daga nan muka bi gudoron bakin teku zuwa Lome, inda iyakar Gana take manne da birni, a wurin da ake kira Aflawo. Sa'an nan Denu, Keta, Anloga, har ƙauyen Kawu wanda ke yamma da Anloga, wajen bakin kogin Bolta. Kwana huɗu muka yi bisa hanya.

Wanda zai bi wannan hanya, ya riƙe katin ɗan ƙasa mai kyau, da karnen allurar shawara, da takardar haihuwar yaro in yana tare da yaro. A kowane shinge su ake tambaya, kuma wanda ba shi da su da aljihunsa yake wucewa. Sefa tana ci a Binin da Togo, amma da an shiga Gana sai sidi.

GARI TSAKANIN RUWA BIYU

Ƴan'uwa, mun shekara muna koya ma yara teku bisa taswira, muna nuna masu shuɗi da sanda. Ran da muka tsaya gabansa sai muka rasa bakin magana. Ruwa ne ba gaɓa, yana ruri dare da rana kamar hadari mai zuwa wanda ba ya isowa. Ɗanmu ya ɗiba da hannu ya kai baki, ya tofar. A lita guda ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, ba ya shayuwa, ba ya ban ruwa, sabulu ma ba ya kumfa cikinsa. Sau biyu kowace rana ruwan yana hawowa ya koma, kuma wata ne ke jan sa. Shi ya sa ya fi ƙarfi ran tsayuwar wata da ran cikarsa. Masuntan can ba su yi lakwal ba, amma sun fi mu sanin wannan lissafi.

Ƙauyen bisa wani siririn tudun rairayi yake. Kudu teku, arewa tabkin Keta, wanda ya fi kowane tabki irinsa girma a Gana. A wasu wurare mutum yana tsaye bisa hanya yana ganin ruwan biyu. Mutanen ƙasar su ne Anlo, reshe ne na ƙabilar Ewe, babban sarkinsu yana Anloga. Akwai masu bin coci, akwai masu bin addinin kakanninsu, musulmi kaɗan ne. Hausawa gida takwas muka ƙirga a ƙauyen, da ɗan masallaci na kwano, kuma ana kiran wurin zango, kamar yadda ake kiran kowace unguwar baƙi musulmi a Gana.

Wani abin da zai ba ku mamaki: mun tafi da tsammanin ruwan sama kullum, sai muka tarar da Agusta can kusan rani ne. Daminarsu biyu ce, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Tsakaninsu sanyi ne da iska da hazo. Lokacin da ku kuke fama da noma na biyu cikin zufa, mu da bargo muke kwana.

Wani abin kuma, harshenmu ya riga mu zuwa. Da safe ana sayar da koko da ƙosai, da sunansu na Hausa. Shinkafa da wake da suke dafawa da karan dawa, sunanta wace, wato wake. Akwai tuwon zafi, akwai fura. Wannan sawun kakanninmu ne, fataken goro da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga tun kafin zuwan Nasara, da waɗanda suka bi bayansu zuwa Kumasi da Ankara. Abincin gidan Kawu kuwa na ƙasar ne: tuwon masara da rogo wanda suke kira akple, da miyar kuɓewa da kifi da barkono mai yawa. Kwana uku muna yaƙi da shi, daga baya muka saba.

YADDA SUKE CIN ABINCI

Sana'arsu ta fari su ce. Mun iso mun tarar da jirage a kife bisa rairayi, domin a 2024 gwamnatin Gana ta hana masuntan kwalekwale fita daga 1 zuwa 31 ga Yuli, manyan jirage kuwa har ƙarshen Agusta, don kifi ya samu ya hayayyafa. Wata guda babu shiga, mun ga yadda magidanta ke cin bashi kamar yadda muke ci cikin watan bakwai da na takwas kafin sabon hatsi.

Da aka buɗe, muka ga jan taru. Jirgi ɗaya, wanda aka sassaƙe daga gindin itace guda, yana fita da taru tun asuba. Ya bar igiya ɗaya a gaɓa, ya yi babban zagaye cikin teku, ya komo da ɗaya igiyar. Sai mutane su kasu biyu su yi ta ja, da waƙa da ƙwanƙwasa ƙarfe don ƙafa ta zo ɗaya. Ran da muka sa hannu mun ƙirga mutum 34, kuma mun yi awa huɗu muna ja, har tafin hannunmu ya saɓule. Gayya ce sosai, irin tamu, sai dai tasu kullum ce. In taru ya fito, mai taru ya ɗauki rabonsa, maja su raba saura, duk wanda ya taɓa igiya ko baƙo ne ba ya komawa hannu wofi. Ran nan abin da ya fito bai cika kwando shida ba, kuma leda ta kusa kai yawan kifin. Tsofaffi suka ce a da taru guda yana cika gaɓa. Suna kuka da manyan jirage masu kwashe ƙananan kifi can cikin teku, da yawan masunta, da masu su da fitila da dare.

Kifi in ya taka ƙasa ya zama na mata. Su ke saye, su ke banda, su ke kai kasuwa, su ke ba maza bashin man inji. Suna banda bisa murhun laka wanda ake jera ma faifayen waya hawa hawa, wuta guda ta gasa duka. An fara irin wannan murhu a wata unguwar masunta ta Ankara wajen 1969, ya bazu ko'ina domin yana rage cin itace. Mai ɗakinmu ta zauna da su, ta zana shi cikin kaye, domin a ganinta masu ƙilishi da masu bandar kifin tabki za su amfana da shi.

Sana'a ta biyu za ta fi jan hankalin mutanen Galmi da Madawa. Bisa wannan farin rairayi, wanda in a nan ne ko aya ba za mu shuka ba, suna noman wata ƙaramar albasa mai ƴaƴa da yawa, wadda ta yi suna a Gana duka. Fangalinsu dogo ne siriri. Ruwan daɗi yana nan kusa, yana kwance bisa ruwan gishiri, ƴar rijiya ko tiyo kaɗan ya isa. Amma in aka ja da yawa, na gishirin ya hawo ya kashe fangali, don haka kowa yana lura da maƙwabcinsa. Taki kuwa saye suke yi, kashin shanu da na kaji, a buhu, daga nesa. Da muka faɗa ma wani tsoho cewa a garinmu akwai masu barin taki a turke har ruwa ya tafi da shi, sai ya yi tsammani wasa muke. Suna girbi fiye da sau ɗaya a shekara, tsakani su sa kuɓewa da tumatir da barkono. Ƙasa ba ta da ƙarfi, hannu ne ya ba ta.

Shi Kawu, albasar Galmi yake sarowa daga Ankara, ya sayar a kasuwannin Anloga da Keta, yana kuma da ɗan tebur a ƙofar gida. Da wannan ya ci da iyali, da wannan ya aiko da kwanon masallacinmu, da wannan ya aiko da buhunan masara a 2005.

ABIN DA TEKU KE CI

Yanzu mun zo ga abin da ya hana mu barci. Wata safiya Kawu ya kai mu gaɓa, ya nuna wani wuri cikin ruwa inda igiyar ruwa ke fashewa, ya ce: «Ɗana, ka ga can? Can ɗakin innarka yake.» Gidansa na fari, wanda ya gina da bulo, teku ya ci shi a watan Nuwamba 2021, daren da ruwa ya hau bisa garuruwan Keta da Anloga da maƙwabtansu ya raba dubban mutane da gidajensu. Yanzu yana cikin gidan haya, nesa kaɗan da gaɓa, kuma ya ce kowace shekara ruwan yana ƙara matsowa.

Abin ba yau ya fara ba. A Keta mun ga wani tsohon ganuwa da Turawan Danmak suka gina a 1784, inda aka tsare bayi kafin a sa su jirgi. Teku ya rushe babban sashensa a 1980. Tsohuwar Keta, da kantuna da tituna, da yawanta tana ƙarƙashin ruwa. Kusa da bakin Bolta akwai wani ƙauye, Fubeme, wanda ruwa ya cinye har da lakwal ɗinsa.

Me ya kawo haka? Tudun da suke zaune bisa, kogin Bolta ne ya gina shi. Shekara dubbai yana kwaso rairayi daga arewa, har daga ƙasar Burkina, yana zubawa a bakin teku, igiyar ruwa tana tura shi gabas. Teku yana ɗiba, kogi yana mayarwa. A 1965 aka gama babban baraji na Akosombo, don wutar lantarki. Tun daga nan yawancin rairayin yana kwantawa bayan baraji. Teku bai daina ɗiba ba, mai mayarwa ne ya rage. Ga kuma masu kwasar rairayin gaɓa don gini, ga saran itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri suna riƙe laka da saiwarsu, waɗanda ake sayarwa a kasuwar Anyanui don bandar kifi. Ga shi kuma ruwan teku yana ƙara hawa a duniya duka saboda ɗumamar yanayi. Gwamnati ta jera manyan duwatsu a Keta, aikin da aka gama a 2004. Inda aka jera ya tsaya, amma ruwa ya koma yana cin na gaba.

Dattawa, da muka ji wannan bayani sai muka tuna gida. Mu ma mun sare itace, iska da ƙorama suka ci gonaki. Mu ma mun ga abin da tassa da rabin wata da barin gawo a gona suka mayar, a Keita tun 1984 da kuma ƙasar Maraɗi da Damagaram. Bambancin guda ne: ƙasar da hamada ta ci, da aiki ana ƙwato ta. Wadda teku ya ci ta tafi ke nan. Kuma da muka komo muka tarar da namu rabon ruwan: ambaliyar 2024 ta rushe gidaje ko'ina, ta kada tsohon masallacin Damagaram, har aka ɗaga komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Kada wani ya ce wahala can take ko nan take.

YARAN DA BA SU SAN MU BA

Kawu yana da mata biyu. Uwargida ƴar garin nan ce, kun san gidansu. Amarya ƴar ƙasar ce, ta musulunta, kuma wallahi ta riƙe mu kamar ita ta haife mu. Ƴaƴa da jikoki mun ƙirga 19. Cikinsu biyu kaɗai suka taɓa ganin garin nan. Manyan suna jin Hausa irin ta zango. Ƙananan kuwa Ewe suke yi da Ingilishi, harshen lakwal ɗinsu. Ɗanmu da ƴan'uwansa sun yi kwana biyu suna kallon juna, ƙwallo ce ta haɗa su. Wata ƴar jika ta tambaye mu ko gaskiya ne a garin kakanta babu ruwa sam. Da muka nuna masu hoton gero a salula, ba su san ko mene ne ba.

Ba mu ga laifinsu ba. Yaro inda ya buɗe ido nan ne duniyarsa. Kuma suna da ladabi, suna salla, suna karatu, tun 2017 ma sakandare kyauta ce a Gana. Abin da ya tsorata mu shi ne takardu.

Ku saurara da kyau, ƴan bida. A dokar Gana ta 1992, haihuwa cikin ƙasar kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Sai in uwa ko uba ko ɗaya daga cikin kakanni ɗan Gana ne. Saboda haka ƴaƴan amarya ƴan Gana ne ta wajen uwa, ƴan Nijar ne ta wajen uba, kuma tun 2014 dokarmu ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Ƴaƴan uwargida kuwa, uwa da uba duk namu ne, to ƴan Nijar ne zalla, ko da can aka yanke cibiyarsu. Amma ba wanda ya rubuta su a ambasad ɗinmu ta Ankara, ba wanda ya yi masu zuzuma a nan. Babban cikinsu ya wuce shekara 30. Can ana ce masa baƙo, nan babu sunansa a kowane littafi. Ba ya iya buɗe ajiya a banki, layin salula ma da sunan ƙanensa ya yanka.

Tsofaffin da ke zaune nan sun tuna 1969. Ran 18 ga Nuwamba na wannan shekara gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita daga Gana. Kakanmu yana cikin waɗanda suka komo bisa kamiyo, da tabarma da buta, bayan shekaru a Kumasi. An sake irin haka a Nijeriya a 1983. Ba mu ce za a sake ba, Allah shi kiyaye, kuma mutanen da muka zauna cikinsu ba mu ga komi gare su ba sai alheri. Amma yarjejeniyar Sedeyawo ta 1979, wadda muka saba yawo ƙarƙashinta ba biza, ku tuna ƙasarmu ta fita daga wannan ƙungiya ran 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina. Mai hankali ba ya jiran ranar da za a tambaye shi takarda kafin ya neme ta.

SAƘON KAWU

Daren da za mu taso, bayan lisha, Kawu ya kira mu mu kaɗai. Ya daɗe yana jan tasbaha. Sa'an nan ya ce: «Ɗana, na tsufa. Na ga teku ya tone kaburbura a garin nan, na ga ƙasusuwan mutane bisa rairayi. Ba na so a rufe ni inda ruwa zai tone ni. Ina so in komo gida. Amma na fita da ƙarfina, zan komo da sanda, ba mota, ba gida. Ka tambaya mini dattawa, gonar ubana da na bari aro tana nan? Kuma in na zo, dariya za a yi mini?»

Mun nemi izinin dangi kafin mu faɗi wannan gaban jama'a, sun ba mu. Maganar gonar an zauna, ƙannensa da ƴaƴansu sun ce tana nan, Allah shi saka masu. Amma tambayarsa ta biyu ba dangi kaɗai ke da amsarta ba, gari ne. Mu faɗa ma kanmu gaskiya. Ɗan bida in ya komo da rediyo da babur da atamfa, har bakin gari muke tarbarsa. In ya komo da jaka guda, sai a bi shi da ido, mata su yi habaici a bakin rijiya. Saboda wannan ido namu, mutane nawa ne suka tsufa a Abijan da Lome da Kwatanu da Ankara, suna so su zo, kunya ta hana su, har aka rufe su can? Mun iya karin maganar nan, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Amma wanda ya sa ma masallacinmu kwano bai bar gida ba. Yunwarmu ce ta fitar da shi, kuma mun ci guminsa.

ABIN DA MUKE ROƘON TARO

Mu yara ne, shawara muke kawowa, yanke magana na manya ne.

Na fari, biro ya buɗe kaye guda na ƴan bida. Kowane gida ya kawo sunan nasa, da garin da yake, da matansa, da ƴaƴansa da shekarunsu. Yau in aka tambaye mu mutanenmu nawa ke kurmi, ba mai iya faɗa. Mu mushe uku na garin nan mun ɗauki rubutun, ba a biyan mu ko dala.

Na biyu, takardu. Duk wanda ke waje ya je ambasad ko ƙaramin ofishinta ya yi katin da ke nuna shi ɗan Nijar ne mazaunin can, ya rubuta ƴaƴansa. Wanda aka haifa nan ba a rubuta shi ba, danginsa su tsaya masa da shaidu a yi masa zuzuma. Wanda ya yi sabuwar haihuwa, nan ko can, kada ya bari kwanakin rubutawa su wuce.

Na uku, gonakin aro. Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitin ƙasa, har a matakin ƙauye, wanda ke ba da takardar aro da ta jingina da ta gado. Duk gonar da mai ita ke waje, a rubuta ta gaban mai gari da shaidu tun masu sanin iyaka suna da rai. Rubutu ba rashin yarda ba ne. Mu da muka yarda da juna za mu mutu, ƴaƴan da ba su taɓa ganin juna ba su za su gaji maganar.

Na huɗu, cikin kuɗin da muke zubawa kowane wata, a ware wani abu, ko dala ashirin bisa kowane mutum, don kuɗin motar tsoho ko marar lafiya ko gwauruwa mai ƴaƴa da ke son komowa gida. In ya iso, samari su yi gayya su tada masa ɗaki, kamar yadda aka yi ma waɗanda ruwa ya rushe ma gidaje.

Na biyar, yara. Kowane ɗan bida ya yi ƙoƙari, ko sau ɗaya cikin shekara uku, ya aiko ɗansa ko ƴarsa su yi hutu nan, su ga gero a gona, su san kabarin kakansu, su ji Hausar gida. Mu kuma mu riƙe su da haƙuri, kada mu yi masu dariyar harshe, kada mu kira su da sunan wata ƙabila. Kuma mu ma mu riƙa zuwa. Abin da tafiyar nan ta ci mana bai kai kuɗin ragon layya biyu ba, amma ran da muka sauka, tsoho mai furfura ya rungume mu yana kuka kamar yaro.

Na shida ba ya bukatar kuɗi. Wanda ya komo, da kaya ko ba kaya, a tarbe shi da ruwa da fura da fuska guda.

Kawu ya ce in taro ya amsa, shi da uwargida za su taso bayan girbi. Yana jiran kiranmu a salula daren nan. Muna roƙon mai gari da liman su faɗa mana abin da za mu gaya masa.

Inda muka yi kuskure a gafarta mana. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi kiyaye na gida da na daji, shi jiƙan waɗanda suka kwanta a ƙasar wasu, shi maido mana da namu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.